Cikin Dutsen Inna Mai Tauraro

4 ga Fabrairu

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba.

Na san za ki yi ta juya takardar nan kina neman wane ne. Ni ne ɗan Inna, wadda kuke ce wa Goggo Mai Tauraro. Kakanki da mahaifinta uwa ɗaya uba ɗaya. Ni ne kika laƙaba wa Ɗan Gaggawa shekarar da kuka zo hutu gidanmu, don na ƙone baki da shayi sau biyu a rana guda. Yanzu har na fara furfura, sana'ata kuwa shimfiɗa tayil. Wajen ƙanwarki na samu adireshinki, ita ta ce min aikinki a gidan tarihi shi ne yanka duwatsun da suka faɗo daga sama. Da na ji haka sai da na nemi wuri na zauna.

Ga dalili. Idon Inna yana tafiya. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma an makara. Na hagu ya riga ya mutu, na dama yana ta tsukewa, ta ce kamar mai leƙe ta kafar makulli. Ya ce saura watanni, bai faɗi nawa ba.

Kin tuna baƙin dutsen da take tokare ƙofar ɗakinta da shi? Tana da shekara tara, tana kwashe shanya a bayan gida da rana tsaka, ta ji fito a sama, sai tim a bayan shinge. Ta tona da hannu ta ciro shi. Abin da ya ja mata shi ne ta ce da ta taɓa shi sanyi ƙalau ta ji. Manya suka ce abin da ya zo da wuta ai zafi zai yi, yarinya ta shirga ƙarya. Daga ranar sunan Mai Tauraro ya bi ta, ba kuwa don yabo ba. Shekara sittin da ɗaya ke nan. Ƙanenta, Kawu Makaniki, har gobe in ya shigo sai ya shuri dutsen ya ce, "Yaya, har yanzu ba a zo karɓar guntun injin nan ba?"

Makon jiya ta ji a rediyo wai irin waɗannan duwatsun suna da zane a ciki wanda babu maƙerin da zai iya yi. Ta kira ni ta ce, "Kai da kake yanka dutse kullum, ka buɗe min shi in gani da idona kafin a kashe min fitila." Ban taɓa jin ta roƙi wani abu don kanta ba, Yaya.

Ga hotonsa na haɗo. Nauyinsa kilo huɗu da giram ɗari biyu, maganaɗisu yana kama shi gam, bayansa duk lotsa-lotsa kamar an danna yatsu a ɗanyar laka. Ina da injin yankan tayil, faifansa sabo. Ki faɗa min ta ina zan fara. Zan jira amsarki.

Taubashinki,
Mai Tayil

*

18 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Mu muna lafiya. Inna ta fara lalube kafin ta sami kofin da ke gabanta.

Mako shida na jira. Kullum sai na biya gidan waya, har mai raba wasiƙu ya fara girgiza min kai tun daga nesa. Ban san ko takardar ta ɓata ba, ko kuwa kin ga ba mu kai a ba mu amsa ba. Ranar Asabar na ce ba zan zauna ido ya rufe ina kallon akwatin gidan waya ba.

Na ɗora shi a kan injin, na buɗe ruwa kamar yadda nake yi wa kowane dutse, na tura. Yaya, ban taɓa jin inji ya yi irin kukan nan ba. Tartsatsi ya tashi duk da ruwan. Na ƙara dannawa, don a sana'armu in abu ya yi gardama dannawa ake yi. Faifan ya shiga kamar faɗin yatsa guda ya tsaya, bakinsa ya shafe sumul. Gefen yankan ya yi shuɗi-shuɗi. Na wanke dutsen a famfo na mayar bakin ƙofa.

Kwana uku sai ga jan ruwa yana tsattsafowa daga tsagar, har ya ɓata siminti. Kawu ya zo ya tarar. Ya durƙusa, ya shafa, ya ɗaga yatsa yana nuna wa mutanen gida: "To, jama'a, tauraro ya yi tsatsa. A kai wa 'yan gwangwan."

Da ya tafi Inna ta ce in miƙo mata dutsen, ta ɗora a cinya, ta goge tsagar da bakin zanenta. Shekara sittin da ɗaya yana hannunta ko ƙwarzane bai yi ba, ni na yi masa rauni a minti biyar. Kunya ta hana ni kallon fuskarta.

Ban fasa ba. In kina da abin faɗa, ki faɗa.

Mai Tayil

*

2 ga Afrilu

Ɗan Gaggawa,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ka. Ka gaishe min da Goggo da kyau, ka ce ina yi mata sannu da jiki.

Wasiƙunka biyu rana ɗaya na same su a kan teburina. Wata biyu ba na nan, an tura ni wani gidan tarihi in koya wa ma'aikatansu aikin sabon zarto. Na karanta ta farko ina murmushi, na buɗe ta biyu na dafe kai. Ashe har yanzu ba ka bari shayi ya huce.

Kafin komai, ka ceci abin da ya rage. Kada ruwan famfo ya sake taɓa shi, ko ɗigo. Maganin da ake zuba wa ruwan famfo shi ne babban abokin gaban irin wannan ƙarfen, yana shiga tsaga ya zauna ya yi ta ci daga ciki. Ka sayi sifirit na asibiti, ka nutsa dutsen a ciki kwana uku, kana canzawa kullum. Ka bar shi ya sha iska har warin ya fita, sannan ka sa shi a oben, wuta can ƙasa, awa uku. In ya huce ka shafe shi da man keken ɗinki.

Injinka bai yi laifi ba, aikin da ba nasa ba ka ba shi. Faifan tayil goge dutse yake yi har ya raba shi. Ƙarfe kuwa laushi gare shi, liƙewa yake a bakin faifan ya toshe shi, sai zafi ya taru. Shuɗin da ka gani ƙuna ce, kuma duk inda ya ƙone, in ma akwai zane a wurin, ya tafi ke nan.

Gaskiyar da zan faɗa maka ita ce, ni ba na cewa dutse daga sama yake sai na ga cikinsa. Cikin ɗari da ake kawo mana, casa'in da tara tarkacen maƙera ne. Shawarata ka aiko min da shi. Muna da zarto mai siririyar ɗamara da ke tafiya cikin mai, ko ɗumi dutse ba ya yi. Akwai layi a gabansa, amma zan yi ƙoƙari ya dawo muku cikin wata huɗu. In ya tabbata, za mu riƙe ɗan guntu mu shigar da shi babban littafinmu, inda ake rubuta nauyi da shekara da wanda ya ga faɗowarsa.

Yayarka

*

17 ga Afrilu

Yaya,

Mun gode, muna lafiya. Na yi abin da kika ce, jan ruwan ya tsaya.

Amma "tarkacen maƙera"? Ban zaci zan ji muryar Kawu a cikin ambulan mai tambarin gidan tarihi ba. Ban karanta wa Inna wannan layin ba, tsallake shi na yi.

Dutsen ba zai je ko'ina ba. Wata huɗu kika ce, alhali jiya Inna ta gaishe da labule tana zaton matata ce. Kuma ba hoto ko takardar shaida ta roƙa ba, cewa ta yi in buɗe mata ta gani.

Ina da hannu biyu da teburin aiki a rumfar bayan gida. Ki faɗa min yadda ake yi kafin a ƙera zartonku mai ɗamara. In ba za ki faɗa ba, zan nemo da kaina, ko da zan sake ɓarna.

Mai Tayil

*

1 ga Mayu

Ƙanina,

Gaisuwa, da fatan Goggo ta samu sauƙi. Ni ma na yi fama da mura, amma na warware.

Ka karanta layina da zafin rai. Abin da sana'a ta koya min na rubuta, ba abin da ke zuciyata ba. Bari ka ji wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba. Hutun nan da muka zo, ina da shekara goma sha ɗaya, Goggo ta ɗora min dutsen a hannu har na kusa faɗuwa don nauyi. Ta ba ni labarin, ta ce, "Ke ma ki yi dariyar in kina so." Ban yi ba. Na koma gida na yi ta neman littattafai, ga shi yau shekara ashirin da biyu ina wannan aiki. Kuma ka faɗa mata: sau da yawa waɗanda suka ɗauki irin dutsen nan da faɗowarsa sanyi suke ji. Can inda ya fito sanyi ne marar misali, wutar kuwa bayansa kawai take lasa na ɗan lokaci. Yarinya mai shirya ƙarya zafi za ta ce.

Ka yi gaskiya a kan wata huɗu. To ga aikin, da zarton ƙarfe na hannu. Na haɗo maka ruwan zarto dozin guda a cikin kunshin nan, masu ƙananan haƙora.

Ka matse dutsen tsakanin katako biyu masu laushi, kada ƙarfe ya cije shi. Ka auna yatsa biyu daga inda ka ƙona, ka zagaye da alli. Yanka biyu za ka yi: na farko ya cire ƙonannen kan, na biyu ya fitar da falle guda, kaurinsa kamar rabin ɗan yatsa. Man keke a kowane ja ashirin. Kada ka danna, nauyin zarton ya isa. In ka taɓa ka ji ɗumi, ka ajiye ka je ka sha shayi, wannan karon ka bari ya huce. Ka shimfiɗa takarda a ƙasa ka tara garin, shi ma daga sama yake.

In fallen ya fita, samfefa a kan gilashi, daga mai kaushi zuwa mai laushi, da mai, har ka ga fuskarka a ciki. Har a lokacin ba za ka ga zane ba, kada gabanka ya faɗi. Sai ka wanke man da sifirit, ka je wajen mai gyaran rediyo ka karɓo jan ruwan da suke cinye tagullar allon waya da shi. Safar hannu, tabarau, kuma a fili. Ka shafa wa fallen da burushi mai laushi, minti ɗaya, iyaka biyu. Cin ƙarfen yake yi, wani layi fiye da wani, da haka zanen yake fitowa. Kada ka wuce, in ka wuce ƙyallin ya mutu. Ka kashe kaifin ruwan da garin soda na masu burodi a cikin tataccen ruwa na kemis, sai sifirit, sai oben, sai mai.

Ina jiran labari kamar yadda ka jira nawa.

Yayarka

*

20 ga Yuni

Yaya,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ki yafe min zafin wancan karon. Mu lafiya, sai tafin hannuna da ya yi kanta a kan kanta.

Na karanta wa Inna maganar sanyin. Ta sa na maimaita sau uku, sannan ta ce, "Ashe."

Kwana goma sha biyu yankan farko ya ci, na biyu goma sha biyar. Awa ɗaya da safe kafin in fita aiki, awa biyu da la'asar. Ruwan zarto tara suka mutu. Ranar farko na ja har kafaɗata ta sage, na duba, ko farce ba zai ɓuya a tsagar ba. Inna ta sa aka kawo mata kujera rumfar, ita ce mai ƙirga min ashirin. In na yi sauri sai ta ce, "Zarton nan yana haki, Ɗan Gaggawa." Da kunne take gane na danna. Garin da na tara ya kusa cika kwalbar magani.

Gogewa ta ci mako biyu, fuska ɗaya kawai na iya. Ranar Lahadi da hantsi na shafa jan ruwan mai gyaran rediyo. Matata na riƙe da agogo, Kawu na tsaye da hannu a aljihu, ya ce ya zo jana'izar tauraro.

Yaya, kin saba gani, amma ni wannan ne ganina na farko. Kafin minti ya cika, layuka suka taso daga cikin madubin, dogaye, miƙaƙƙu, suna ratsa juna ta fuska uku kamar saƙar kujerar kaba, wani yana ƙyalli wani ya dushe, in ka karkata sai su yi musaya. Kawu ya karɓa ya kai wajen haske. Ya juya, ya sake juyawa, ya ce shekara arba'in yana fasa injuna bai taɓa ganin ƙarfe mai irin wannan cikin ba. Ya zauna a kan bokitin fenti.

Na kai wa Inna. Na fito da ita rana, na kara mata a gaban idon dama, na matsar, na janye, na kawo gilashin ƙara girma. Ta ce, "Kai, ya yi kyau, Allah ya yi maka albarka." Amma gefen hannuna take kallo, Yaya, ba fallen ba. Ta shafa da yatsa, sumul yake kamar gilashi. Don kada in ji ciwo ta faɗa.

Mako shidan da na jira, da wanda na ɓata wajen gyaran ɓarnata, su suka cinye. Na shiga rumfa na yi kuka kamar yaro. Da na gama na zauna ina tunani. Kin ce ruwan nan cin ƙarfen yake yi, wani layi fiye da wani. In aka bar shi ya daɗe fa? Zai ci har yatsa ya ji?

Mai Tayil

*

6 ga Yuli

Ƙanina,

Muna lafiya. Na karanta wasiƙarka a tsaye a bakin ƙofar ofis, na kasa ƙarasawa ciki. Hoton fallen da ka haɗo ba ya bukatar gardama: daga sama yake. Wannan saƙar sai ƙarfen da ya yi miliyoyin shekaru yana hucewa a hankali. Kuma yankanka ya miƙe fiye da na wasu da na koya wa aiki da inji.

Tambayarka kuwa, a wurinmu wanda ya bar falle ya wuce minti biyu ya yi ɓarna, ni da kaina na sha yi wa mutane faɗa a kai. Shekara ashirin da biyu ban taɓa tambayar kaina don idon wa aka kafa dokar ba.

Jiya na nemi izini na ɗauki wani guntu daga cikin ragowar da muke gwaji da su. Na shafa, na wanke, na sake shafawa, minti biyar-biyar, har sau tara. Ya yi baƙi, ƙyallin ya tafi, mai gani zai ce an lalata shi. Na rufe ido na bi da farce. Ƙanina, ana ji. Siraran layukan suna tsayawa kamar zare, faffaɗan suna nutsewa.

Ka sani ba a komawa baya, sai dai a goge fuskar gaba ɗaya a sake daga farko. Ka ninka wankin soda, don ruwan zai shiga da nisa. In da ni ce, yau zan yi.

Yayarka

*

25 ga Yuli

Yaya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya ƙalau. Inna tana gaishe ki, ta ce Allah ya raya miki zuriya. Yanzu rana da inuwa kawai take bambancewa, amma tana cin abinci, tana kuma yi mana faɗa, alamar lafiya ke nan.

Kin san wanda ya tsaya min a hanya? Kawu. Tun ranar nan kullum sai ya zo ya ɗauki fallen ya kai wa abokansa a gareji, wai "dutsen Yayata". Da ya ga na jera burushi da safar hannu ya riƙe min hannu: "Kai, ba ka da hankali? Wata biyu kana wahala, za ka mayar da shi murfin tukunya? Da me za mu nuna wa mutane?" Na ce, "Kawu, mutane sun gani. Mai shi ce ba ta gani ba." Ya sake ni. Shi ya riƙe agogon ma.

Sau goma sha ɗaya na shafa. Ina kallo ƙyallin ya tafi, raina yana ƙuna, ban tsaya ba. Da ya fito daga oben ya huce, na ɗora wa Inna a cinya.

Ta fara da tafin hannu, sai ta koma farce. Ta kama layi ɗaya ta bi shi har gefe, ta dawo ta kama wanda ya ratsa shi. Ta daɗe a haka, bakinta yana motsi. Can ta ce, "Ta fuska uku suke tafiya. Ga wani faffaɗa nan, ga ƙananansa a gefe." Ban taɓa faɗa mata cewa uku ne ba, Yaya. Ta ɗago ta ce, "Shekara sittin da ɗaya yana bakin ƙofata da wannan a cikinsa, bai taɓa buɗe baki ya tare min ba." Ta yi dariya har da hawaye. Kawu ya ce, "Yaya, ki yafe min." Ta ce, "Matso, rufe ido, kawo yatsanka." Ta bi da shi layi-layi kamar mai koya wa yaro karatu.

Babban dutsen ya koma bakin ƙofa, ta ce ba ta da wani abin tokarewa. Fallen yana ɗaure a bakin zanenta. Ƙonannen kan da na cire, da kwalbar garin, ga su a cikin kunshin nan, na babban littafinku ne. Giram ɗari da tamanin, in sikelina bai yi ƙarya ba.

Na ce mata a littafin akwai layin wanda ya ga faɗowarsa, na ɗauko katinta na shaida zan kwafe miki cikakken sunanta. Ta ce in mayar da katin. Ta ce ki rubuta shekarunta tara, da rana tsaka, kuma sanyi ƙalau yake. A wurin suna kuwa ki sa Mai Tauraro. Ta ce masu yi mata dariya suka ba ta, yau ta karɓa.

Taubashinki,
Ɗan Gaggawa